Wa Ya Ci Kuncin Yaron?

A ƙauyukan Kebbe da Tambuwal, kamar sauran sassan kudancin Sakkwato, akwai wani ciwo da ke ɗaure wa iyaye kai. Yaro ɗan shekara uku yana wasa da 'yan'uwansa, sai a ga ya ƙi cin tuwo, bakinsa yana wari, miyau na zuba. Bayan 'yan kwanaki kunci ya kumbura. Kafin mako biyu wurin ya yi baƙi, nama ya zube, haƙora sun fito fili. Babu wuta, babu wuƙa, babu dabbar da ta cije shi. To me ya ci kuncin?

Amsar farko da ake ji a zaure ita ce iska. Saurin ciwon ne ke sa a faɗi haka, sai a nufi mai magani, a yi hayaƙi, a shafa saiwa. Amma iskar tana da zaɓe. Ba ta cika taɓa manya ba, ba ta shiga gidan mai wadata. Yara 'yan shekara 2 zuwa 6 take nema, galibi waɗanda aka yaye. Abin da ke zaɓe haka yana da dalilin da za a iya binsa.

Likitoci suna kiran ciwon cutar Noma, wasu kuma a ƙasar Hausa suna cewa zaizayar baki. Ƙwayoyin cuta ne ke cin naman, gaskiya ne, sai dai binciken bai tsaya nan ba. Cutar ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, kuma yawancin ƙwayoyin da ake samu a cikin miki irin waɗanda ke zaune ne a bakin mutane lafiyayyu. Ke nan wani abu ne ya buɗe musu ƙofa.

Tarihi ya nuna ƙofar. A da ana fama da wannan cuta a Turai, ta ɓace da abinci da tsafta suka inganta, sannan ta sake ɓulla a sansanonin 'yan Nazi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda yunwa ta yi katutu. A nan ma haka abin yake: tamowa, ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro su ne ke karya garkuwar jikin yaro. Wanda aka yaye da koko zalla, ba a yi masa rigakafi ba, shi ke kan gaba.

Har yanzu da sauran ƙulli. Maganin matakin farko ba shi da tsada: maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanke baki da ruwan gishiri, da abinci mai gina jiki. Kuma tun 1999 akwai asibitin yara masu cutar Noma a birnin Sakkwato, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014, ana jinya da tiyata kyauta. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan tara cikin goma na yaran da ba su sami magani ba suna rasuwa. Me ya sa magani yana nan, amma yara suna makara?

Sai a koma kwanakin farko. Kafin kunci ya kumbura, dasashi ne ke yin ja, yana jini in an taɓa, baki yana wari. Nan ne ake iya tare ciwon cikin sauƙi. Uwa kan ɗauka zafin haƙori ne, mai kyamis ya ba da maganin zazzaɓi, ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ya auna zafin jiki ya rubuta magani. Kowa ya dubi yaron, babu wanda ya ce ya buɗe baki.

Wanda aikinsa ne ya duba, wato likitan haƙori, yana can nesa. Makarantun farko na koyon wannan aiki duk a kudu aka kafa su: Legas, Ibadan, Ife da Benin. Sai daga baya Maiduguri da Kano suka samu. Karatun shekara shida ne, ga shekarar sanin makamar aiki, ga bautar ƙasa. Waɗanda suka gama sun fi zama a manyan birane, wasu su wuce Ingila ko Saudiyya. Dubbai kaɗan ne ke kula da bakin mutum fiye da miliyan 200. Mutumin Kebbe ko Tambuwal da ke neman ƙwararre yakan kama hanyar Sakkwato, ga kuɗin mota, ga fargabar tsaro.

Ƙidayar jama'a ce ta kwance ƙullin ƙarshe. A 2006 ƙaramar hukumar Kebbe tana da mutum kusan 125,000, Tambuwal kusan 225,000. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Jihar Sakkwato tana haihuwar 'ya'ya kusan bakwai. Ma'ana, rukunin da ya fi saurin ƙaruwa shi ne ainihin wanda cutar ke farauta. Kafin ɗalibi guda ya zama likitan haƙori, jaririn da aka haifa ranar da ya shiga jami'a ya riga ya ratsa shekarun haɗarin gaba ɗaya.

Ga amsar ke nan: yunwa da ƙyanda sun raunana yaron, ƙwayoyin cuta sun ci naman, rashin mai duba baki ya ba su lokaci. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. Wannan nasara ce, amma ba za ta kai likita Kebbe bana ba.

Don haka a raba aikin. Gwamnatin jiha ta ɗauki nauyin 'ya'yan yankin su karanci aikin haƙori bisa sharaɗin su dawo gida. Kafin nan, a koya wa ma'aikatan lafiya na karkara, masu rigakafi, ungozoma da wanzamai alamomi uku: jinin dasashi, warin baki, kumburin kunci. Duk yaron da aka kawo awo ko karɓar abincin tamowa, a duba bakinsa. Ke kuma uwa, in kin ga ɗaya daga cikin ukun, kada ki jira gobe. Ki kai shi asibiti a ranar.