Sabuwar Manhaja a Tsohuwar Kwamfuta: Halin da Masu Haɗa Kiɗa Ke Ciki a Karkarar Kano

Da zarar kaka ta yi, an kai gero rumbu, gyaɗa ta shiga kasuwa, sai bukukuwa su kankama a Bichi, Ɗambatta, Dawakin Tofa, Tsanyawa da ƙauyukan da ke kewaye da su. Yanzu iyalai da dama kan so a yi wa amarya da ango waƙa ta musamman mai ambaton sunayensu da na dangi. Akasari a ƙaramin situdiyo ake yin aikin: ɗaki ɗaya, kwamfutar tafi-da-gidanka, makirfo da lasifika biyu. Babu ganga, babu kalangu, daga cikin kwamfuta duk kiɗan ke fitowa.

A shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa, fiyanon Yamaha samfurin PSR ne ke riƙe da situdiyoyin Kano. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi nazari mai yawa a kan yadda wannan fiyano ya sauya kiɗan Hausa, musamman bayan fitowar fim ɗin Sangaya a 1999. Sautin da ka sayi fiyanon da shi, shi za ka tarar bayan shekara goma.

Kwamfuta ce ta rushe wannan tabbas. A 1996 kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da tsarin VST, wanda ya ba da damar jona ƙananan manhajoji, wato fulogin, a cikin babbar manhajar haɗa kiɗa. Daga 1999 fulogin ya fara ƙirƙirar sauti da kansa. Shi ya sa a yau yaro zai buɗe FL Studio ko Cubase, ya kira Nexus, Serum ko Kontakt, ya samu dubban sautuka a allo ɗaya.

Sai dai dole abubuwa uku su yi jituwa: Windows, babbar manhaja, da fulogin. Kowanne da kamfaninsa, kowanne da lokacin da yake sabunta kayansa. Cubase 9, da ya fito a 2016, ya daina karɓar fulogin mai bit 32. A 2022 Steinberg ya sanar da shirin jingine VST2 don a koma VST3. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 kuma Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10, alhali Windows 11 ba ya amincewa da yawancin firosesan Intel da suka girmi zubi na takwas. Da yawa daga kwamfutocin hannu na biyu da ake sayowa daga birnin Kano sun faɗa wannan rukuni.

Illar takan bayyana ne ranar da mai biki ya dawo yana so a ƙara sunan gwaggon amarya da aka manta. A buɗe tsohon aiki, a tarar fulogin da aka yi kiɗan da shi ba ya tashi, sai murya tsirara. Ga masu amfani da kwafin da aka fasa, waɗanda ake turawa daga filashi zuwa filashi, abin ya fi muni, don ba su da wanda za su kai wa kuka, ga haɗarin ƙwayar cutar kwamfuta.

Ko an samu jituwa, sai a zo ga ƙarfin inji. Kwamfuta kan lissafa ɗigon sauti 44,100 a kowace daƙiƙa, tana aika su ƙunshi-ƙunshi. Idan ƙunshin na ɗigo 512 ne, kimanin kashi 1 cikin 86 na daƙiƙa take da shi ta kammala lissafin. Ta makara, sai a ji kiɗa yana tsinkewa yana ƙaraf-ƙaraf. Serum na iya ninka sauti ɗaya har sau 16 don ya yi kauri. A danna maɓalli uku tare, an tashi 48 ke nan. Jakin da aka yi wa laftun raƙumi dole ya durƙusa.

Yanayinmu ma yana da nasa hannun. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta toshe fankar kwamfuta. Firosesa idan ya yi zafi yakan rage gudu don kada ya ƙone, haka kuma idan aka ɗauke wuta ya koma kan batir. Ga kuɗin data, don wasu tarin sautukan Kontakt sun haura gigabait goma.

Saboda haka sabuntawa ba dole ba ce kullum. Kada a sabunta komai ana tsakiyar aikin mutane. A adana tsohon fayil ɗin girkawa kafin a ɗora sabo. Da an gama waƙa, a fitar da kowane layin kiɗa daban a matsayin WAV, don shi ba ruwansa da wane fulogin ya haife shi. Lokacin tace sauti a ƙara girman ƙunshi, a rage shi lokacin ɗaukar murya. Wanda ya sayi FL Studio na halal yana samun sabuntawa kyauta har abada, kuma fulogin 3xOsc da ke cikinsa ba ya wahalar da inji. Fulogin Surge XT ma kyauta ne.

Akwai kuma abin da sabuntawa ba za ta kawo daga Turai ba. Kalangu yana bin hawa da saukar harshen Hausa, yana magana, kuma da wuya a same shi cikin sautukan da kamfanonin waje ke shiryawa. Makaɗan kalangu, gurmi da kukuma kuwa suna nan a waɗannan garuruwa. Mai situdiyo da ya gayyaci ɗaya, ya biya shi haƙƙinsa, ya naɗi kiɗansa da kyau, ya samu sautin da ba ya cin ƙarfin firosesa, ba ya neman intanet, kuma abokan gasarsa ba su da irinsa.