Ciwon Cikin da Ba Ya Kwana a Gida

Yau shirin namu a kan ciki zai tsaya, da abin da ke fita daga cikinsa. A yi mana afuwa, za mu kira abubuwa da sunayensu, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Duk wanda ya ratsa tasha ko kasuwar ƙauye ya ji lasifikar mai magani: basir mai tsiro, basir mai jini, basir mai sa kasala. Kalmar nan ta zame mana buhu, kowane ciwon ciki a ciki muke zuba shi. Gaskiya ne yawancin murɗawar ciki kan lafa da kanta cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma akwai wadda ba ta jiran gari ya waye.

Ga yaro ya yi mako 2 yana zazzaɓi, ana ta sayo masa maganin maleriya a kemis. Ran nan sai ya ƙwalla ƙara, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar katako, ba ya son a taɓa, ya lafe wuri guda don motsi ƙara masa azaba yake yi. Ƙwayar taifod, wadda ke shiga jiki ta gurɓataccen ruwa da abinci, takan ci bangon ƙaramin hanji har ta huda shi, galibi a mako na 2 zuwa na 3. Da ya huje, ƙazantar hanji sai ta malale a cikin ciki. Babu jiƙo ko allurar da za ta toshe wannan huji, sai tiyata. Likitocin Kano da Zariya da Damagaram sun saba ganin irin waɗannan yara, kuma abin da ke ci musu rai shi ne a kawo yaro bayan ya kwana uku a haka, jini ya riga ya gurɓace. Iyaye, don Allah, zazzaɓin da ya daɗe sannan ciki ya ɗaure, a nemi mota ko da tsakar dare ne.

Haka ciwon da ya faro a cibiya ya gangara gefen dama na mara, da amai da ƙin abinci: afendis ke nan, kuma yana fashewa. Mai kaba ko gwaiwa, in kumburin ya ƙi komawa, ga zafi, ga amai, ba bahaya ba fitar iska, to hanji ne ya shaƙe. Ke kuma 'yar'uwa, in al'adarki ta makara, mara ta soke ki a gefe guda, kina ganin jiri, kada ki jira maigida ya dawo daga kasuwa. Ciki kan zauna a wajen mahaifa, ya fashe, jini ya yi ta zuba ta ciki ba wanda ya gani.

Mu koma kan jini a bahaya, inda kunya ta fi cutar da mu. Basir na sa jini, haka ne. Atini ma na sawa, kansar hanji ma na sawa, kuma da ido ba a bambance su. Dattijon da bahayarsa ta canza makonni, yau gudawa gobe taurin ciki, yana ramewa, ido ya yi fari, likita ya kamata ya duba shi, ba mai lasifika ba. Bahaya baƙa ƙirin kamar kwalta kuwa, jini ne daga sama, sau da yawa daga gyambon ciki. A nan ina kira ga leburori da masu acaɓa da ke haɗiyar diclofenac da ibuprofen kullum don gajiya: magungunan nan suna cin bangon tumbi.

Gudawa mai kama da ruwan shinkafa, musamman da damina, kwalara ce har sai an tabbatar ba ita ba ce, kuma cikin sa'o'i take kayar da ƙato. A fara ba da ruwan gishiri da sukari tun daga gida: lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana kurɓa ana tafiya. Jaririn da maɗigarsa ta faɗa, ido ya zurma, ya kasa kama nono, ruwan jikinsa ne ya ƙare.

Amma wanda cikinsa ya ɗaure ya yi tauri, kada a ɗura masa kunu ko maganin wankin ciki, mai yiwuwa ɗakin tiyata za a wuce da shi. A kwashi kwalayen duk abin da ya sha, har da na gargajiya, a nuna wa likita, a kuma faɗa masa ranar da ciwon ya fara ba tare da an rage ko kwana ɗaya ba.