Eriya Guda Don Mitoci Da Dama

Duk wanda ya daɗe yana sauraron gajeren zango ya san wannan matsala: tashar da ta fito garau da asuba a kan mita 41, da rana sai an laluɓo ta a mita 19 ko 16. Dalili kuwa shi ne, sashen sararin samaniyar da ke maido da siginar rediyo ƙasa yana sauyawa da fitowar rana da faɗuwarta. Ga kuma gidajen rediyo da kan canza mitocinsu a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba.

Eriyar gama-gari, wato wayoyi biyu da aka miƙe hagu da dama, ana yanka ta ne daidai da zango guda. Da an yi nisa da shi, sai ƙarfinta ya ragu.

A ƙarshen shekarun 1940 sojan ruwan Amurka suka ɓullo da wata dabara, wadda Gil Countryman ya bayyana a mujallar QST a 1949. Ana kiranta T2FD. Wayoyi biyu ne kafaɗa da kafaɗa, an haɗe bakunansu. A tsakiyar ta sama ana sa resista mai om 390. Daga tsakiyar ta ƙasa kuma kebul ke gangarowa zuwa akwatin rediyo, ta cikin ɗan taransifoman daidaitawa. Lissafin ba wuya: a raba 100 da megahaz mafi ƙanƙanta da ake bukata. Ga megahaz 5, tsawon eriyar mita 20 ke nan na awon tela, tazarar wayoyin kuma santimita 60. Idan aka rataye ta a karkace, kimanin digiri 30, takan ɗauka daga mita 49 har zuwa 13.

To sai dai resistar tana haɗiye wani kaso na siginar. Ga mai watsa shiri wannan asara ce. Ga mai sauraro kuwa da sauƙi, domin a gajeren zango ba raunin sigina ne babban abokin gaba ba, ƙara ce. A yau yawancinta daga cikin gida take fitowa: cajar waya, ƙwan LED, inbatar sola. Saboda haka nisanta eriyar daga ginin yakan fi ƙara mata tsawo amfani, musamman ma da yake doguwar waya kan cika ƙaramin akwatin rediyo har tashoshi su riƙa hawa kan juna.

Ba a ɗaura ta kusa da wayoyin lantarki, kuma da hadari ya haɗu sai a zare kebul ɗin daga akwatin.