Ari Vatanen, Gwanin Tseren da Ya Ratsa Ƙasar Hausa

Dattawan Agadas da Tawa a Nijar ba su manta da watan Janairu na shekarun 1980 ba, lokacin da motocin tseren Faris zuwa Dakar kan keto hamadar Tenere, su bar gari cikin ƙura, su nufi Yamai. Cikin direbobin da suka yi tashe a wannan hanya, da wuya a sami kamar Ari Vatanen, mutumin Finlan da aka haifa a 1952.

Tun kafin ya shiga hamada ya riga ya yi suna. Shi ne zakaran duniya na tseren rali a 1981 da motar Ford Escort, ya kuma lashe tseren Safari na Kenya a 1983. Sai ga ƙaddara a Ajantina a 1985. Motarsa Peugeot 205 ta ƙwace tana tsananin gudu, ta yi ta wuntsila gudidi, kujerar da yake ɗaure a kai ta tsinke. Da jirgi mai saukar ungulu aka kwashe shi rai a hannun Allah. Ya shafe wajen shekara ɗaya da rabi yana jinya, ga karaya, ga ciwon damuwa da ya kusa raba shi da sitiyari har abada.

Da ya miƙe sai ya nufi Dakar, ya ci sau huɗu: 1987 da 1989 da 1990 da Peugeot, sai 1991 da Citroën. A 1988 ma shi ke kan gaba, aka wayi gari a Bamako an sace motar dungurungum. Kafin a gano ta lokaci ya ƙure, aka fitar da shi. Nasarar 1989 kuwa akwai abin cewa. Shugaban tawagarsu, Jean Todt, ya ga Vatanen da abokin aikinsa Jacky Ickx na neman halaka kansu wajen rige-rige, sai ya wurga kwabo sama a Gao ta Mali don a raba gardama. Kwabo ya ba Vatanen. Wasu sun ce an ɓata wasa, amma ni ina ganin Todt ya yi hankali.

Bayan tsere ya faɗa siyasa, ya zauna a Majalisar Tarayyar Turai daga 1999 zuwa 2009. A 2009 ɗin ya nemi shugabancin FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, kuma Todt ɗin nan ne ya kayar da shi.

Wannan tarihi ya shafi samarinmu na Jimeta da unguwannin Yola har bakin tafkin Njuwa, masu wasan mota ranar kai amarya. Vatanen yana tuƙi ne da hular kwano, da ɗamara, cikin mota mai kejin ƙarfe, da mataimaki a gefe yana karanta masa kowace kwana, ga likitoci a shirye. Duk da haka da ƙyar ya sha. Yaron da ya ari motar babansa yana juyi a tsakiyar 'yan biki da masu Keke Napep ba shi da ko ɗaya daga ciki.

Iyaye da abokan ango, don Allah ku daina miƙa makulli ga mai niyyar wasa da mota a kan titin jama'a.