Wa'adin Gini da Uzurin Jinkiri a Ƙarƙashin Istisna'i

A unguwannin Ƙofar Gayan, kamar sauran sassan birnin Zazzau, saɓani tsakanin mai gida da magini yakan taso ne a kan ranar miƙa aiki. Magini ya ɗauki alkawarin wata uku, mai gida ya tsayar da ranar tarewar amarya bisa haka, sai damina ta faɗi ba a kai ga rufi ba. Wane ne zai ɗauki hasarar?

Idan kayan aiki daga magini suke, malamai suna kiran wannan yarjejeniya istisna'i. Imam Abu Hanifa yana ganin ambaton ajali yana mayar da ita salam, amma almajiransa Abu Yusuf da Muhammad sun saɓa masa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta sharɗanta a fayyace wa'adi, ta kuma halatta sharaɗin biyan diyya idan an makara, matuƙar ba wani abu da ya fi ƙarfin mai aiki ne ya gitta ba.

Wajen fahimtar wannan togaciya ake yawan kuskure. Ruwan Agusta a Zariya ba baƙo ba ne. Maginan gargajiya sun san tubali ba ya bushewa sai da rani, shi ya sa suke jiran kaka ta wuce. Haka nan sananne ne cewa leburori kan koma gona lokacin shuka, aiki kan yi sanyi a watan azumi, ya tsaya cik a kwanakin Sallah. Abin da al'ada ta san da zuwansa hukuncinsa hukuncin abin da aka sharɗanta ne, don haka wajibi ne magini ya lissafa waɗannan kwanaki tun kafin ya buɗe baki. Wanda ya gajarta wa'adi don ya sami kwangila, ya fake da "in sha Allahu", ya yi amfani da kalmar tawakkali wajen rufe ha'inci.

Dokar kulle ta korona a Jihar Kaduna a 2020 daban take, domin ba wanda ya hango ta. Irin wannan uzuri ne, kuma babu diyya a kansa. Haka idan mai gida ne ya jinkirta kuɗin siminti.

Abin da ya fi tsare haƙƙi shi ne a rubuta, gaban shaidu, wa'adin aiki, da kwanakin rara da aka ƙara masa, da abubuwan da ɓangarorin biyu suka amince su ne uzuri.