Ƙashin daji: riba a Takieta, amma a yi hattara da mushe

Takieta, kimanin kilomita 50 yamma da Damagaram, nan ne hanyar Matamai da Kano ta rabu da babbar hanyar Yamai. Makiyaya na ratsa dajinta, kuma duk inda garke ya bi, ƙashi kan saura a ƙasa, balle bayan fari irin na 1984 da 2010.

Wannan ƙashi ba shara ba ne. Ana ƙona shi har ya yi fari, kitse da jijiya su ƙare, sannan a daka, a tankaɗe. Garin na ɗauke da kalsiyam da fosforas, shi ya sa masu kiwon kaji a Kano ke haɗa shi cikin abinci domin ɓawon ƙwai ya yi ƙwari.

Sai dai ƙwayar cutar saifa kan rayu shekaru da dama cikin ƙashi da ƙasa, kuma tana kama mutum. A Yulin 2023 an tabbatar da ɓullarta a Suleja, Nijeriya. Saboda haka, dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci, kada a taɓa mushenta. A sanar da ma'aikatan kiwo. Ɗan kasuwa kuwa, ya sayi ƙonannen ƙashi kaɗai.