Gwajin Gado Kafin Shan Magani: Matsalar G6PD a Ƙasar Bagudo da Alhakin Mai Magani

Sananne ne ga likitoci cewa maganin da ya warkar da wani yana iya kwantar da ɗan'uwansa, alhali ciwonsu ɗaya, awon maganin ma ɗaya. Wani ɓangare na wannan bambanci yana cikin ƙwayoyin halittar da mutum ya gada, kuma a yau ana iya gano shi ta hanyar gwajin jini.

Misalin da ya fi kusa da mutanen Bagudo, Illo da Ka'oje, har zuwa Segbana a tsallaken iyakar Jamhuriyar Benin, shi ne ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ke kare jajayen ƙwayoyin jini. Wannan gado ya yawaita a inda zazzaɓin cizon sauro ya daɗe, kuma binciken ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a Nijeriya wajen yawan cutar ga yara. Mai wannan ƙaranci lafiyarsa lau, har sai ya sha irin su firimakwin ko dafson na kuturta. A nan ne jajayen ƙwayoyin ke farfashewa, idanu su yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, wani lokaci sai an yi ƙarin jini. Ƙwallon kafur da ake sawa cikin kayan jarirai ma yana tayar da shawara ga jaririn da ya gada. Saboda wannan illa ne aka janye maganin zazzaɓi na Lapdap a 2008.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna lamunin likita. Ibnul Ƙayyim, a Zadul Ma'ad, ya rarrabe tsakanin gwanin da ya yi aiki bisa ƙa'ida da izini, wanda babu ramuwa a kansa, da mai shiga aikin da bai sani ba. Samuwar gwaji ta motsa wannan iyaka. Illar da jiya ba a iya hangowa, yau ɗigon jini yana bayyana ta, don haka likitan da gwajin ke hannunsa ya ƙi yi, da wuya a wanke shi daga sakaci. Ma'aikacin ƙauye wanda ba shi da kayan gwajin hukuncinsa daban, amma tambayar tarihin dangi ba ta faɗi a kansa ba. Mai kemis a kasuwar iyaka da ke miƙa ƙwaya ba tambaya, lamarinsa ya fi nauyi.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2013, ta halatta amfani da ilimin ƙwayoyin gado wajen magani, bisa sharaɗin izini da riƙe sirri. Sirrin yana da muhimmanci na musamman a nan, domin ɗa namiji daga mahaifiyarsa kaɗai yake gadon ƙarancin. Sakamakonsa yana ba da labarin uwa da 'yan'uwansa mata, kuma idan ya fita ba bayani, ana iya ɗaukarsa aibi wajen neman aurensu, alhali ba sikila ba ce.